BAYANI: Kano ta taɓa rusa 'yan sandanta, me hakan ya haifar?

Duk lokacin da aka tayar da maganar kafa 'yan sandan jihohi a Najeriya, akan yi ta kamar wani baƙon abu ne da ƙasar ba ta taɓa ɗanɗanawa ba. Alhali kuwa har zuwa ƙarshen shekarun 1960 Kano tana da rundunarta ta kanta, wadda ke karɓar albashi daga baitulmalin En'e, take kuma karɓar umarni daga fada. Sunan jami'anta 'yan doka. Wasu matasa suka shafe fiye da shekara 15 suna fafutukar a raba sarakuna da wannan runduna, daga ƙarshe kuma aka rusa ta.

Saboda haka kiran a rusa 'yan sandan gari, wanda matasa da yawa suka fara ji daga Amurka a 2020, tsohon zance ne a Kano. Bambancin shi ne a nan an riga an aiwatar da shi, an kuma zauna da sakamakonsa fiye da shekara 50. Wannan tarihi yana da abin da zai faɗa wa matashin Gyadi-Gyadi ko Unguwa Uku, wanda yake tsoron mai ƙwacen waya da magariba, yake kuma fargabar motar sintiri da tsakar dare.

Daga ina taken zabtare kuɗin 'yan sanda ya fito?

Ranar 25 ga Mayun 2020 wani ɗan sanda ya danne wuyan George Floyd da gwiwa a birnin Minneapolis na Amurka har ransa ya fita. Tun kafin wannan rana akwai ƙungiyoyin sa-kai a birnin, irin su Black Visions da Reclaim the Block, da ke kiran a rage kuɗin da ake ware wa 'yan sanda a mayar da shi ga gidaje, kula da masu taɓin hankali da shirye-shiryen raba matasa da rikici. Masu zafin cikinsu sun ce gyara ba zai yi ba, sai dai a rusa rundunar baki ɗaya a gina wani abu dabam.

Hujjarsu ita ce an ɗora wa mai bindiga ayyukan da ba nasa ba. Wanda ƙwaya ta bugar, da wanda ba shi da wurin kwana, da ma'auratan da suka yi cacar baki, duk ɗan sanda ake kira musu, shi kuwa abin da aka koya masa shi ne kamawa da tsarewa.

Ranar 7 ga Yunin 2020 kansiloli 9 daga cikin 13 na majalisar birnin suka tsaya gaban taron jama'a suka yi alkawarin wargaza rundunar. A watan Disamba abin da suka iya yi shi ne karkatar da kimanin dala miliyan 8 daga kasafin da ya kai kusan dala miliyan 179. Da aka kai maganar gaban masu zaɓe a Nuwamban 2021, kimanin kashi 56 cikin 100 suka ƙi amincewa a maye gurbin rundunar da sabuwar hukumar tsaron al'umma. Cikin waɗanda suka ƙi har da mazauna unguwannin baƙar fata da dama, waɗanda suka fi kowa shan wahalar 'yan sanda, suka kuma fi kowa shan wahalar masu harbe-harbe.

Abin lura shi ne a Minneapolis majalisar gari ce ke riƙe da lalitar 'yan sanda, don haka mai zanga-zanga ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Kano ma ta taɓa zama a kan tsarin da lalitar take cikin gari.

Dogarai, 'yan gadi, 'yan doka

Da Turawa suka ci Kano a 1903 sun tarar da dogarai, waɗanda ke tsaron Sarki, su kamo mai laifi, su raka masu karɓar haraji, su zartar da hukuncin alƙali. Tsarin mulkin Turawa ta hannun sarakuna ya bar su a kan aikinsu. A tsakiyar shekarun 1920 aka fara yi wa aikin sabon fasali a Kano, aka kafa 'yan gadi masu kaki da fareti, daga baya sunan 'yan doka ya bazu a lardunan Arewa. Shugabansu shi ne Wakilin Doka, kuma akan ba ɗan sarauta wannan muƙami. Marigayi Ado Bayero ya riƙe shi daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa 1962, kafin ya tafi jakadanci Senegal, ya dawo ya zama Sarki a 1963. Masu rubuta tarihinsa suna yaba masa da ƙoƙarin rage ɗabi'ar tsare mutane bisa umarnin manyan gari, wanda hakan kansa shaida ce cewa ɗabi'ar ta yi ƙarfi.

A gefe guda kuma akwai 'yan sandan gwamnati, waɗanda aka haɗe na Kudu da na Arewa a 1930 suka zama rundunar Najeriya. Su sun fi yawa a barikoki da tashoshin jirgin ƙasa da unguwannin baƙi. Cikin ganuwa da ƙauyuka kuwa ɗan doka ne ke da iko.

Ɗan doka yana da abin da masu son 'yan sandan jihohi ke kwaɗayi a yau. Ɗan gari ne, yana jin harshen mutane, ya san lungu da saƙo, ya san ɗan wane da jikan wane. Ɓarawo ba ya daɗewa bai shiga hannu ba. Sai dai wannan sani da ke kama ɓarawo shi ne kuma ke gano gidan da aka yi taron siyasa jiya da dare. Hukumar En'e ɗaya ce ke da ɗan dokan da ya yi kamu, da alƙalin da zai yi shari'a, da gidan yarin da za a kai mutum. Wanda ya saɓa da hakimi ba shi da wurin kai kuka, domin duk ƙofar da ya nufa ta gida ɗaya ce.

Fafutukar 'yan Sawaba

Ranar 8 ga Agustan 1950 wasu matasa, cikinsu har da Abba Maikwaru, Bello Ijumu, Magaji Ɗambatta da Mudi Sipikin, suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. Malam Aminu Kano ya zama shugabanta a 1953. Mabiyanta teloli ne, da 'yan koli, da malaman zaure, da ƙananan ma'aikata, kuma tun daga farko sun ɗauki tsarin En'e a matsayin tushen zaluncin da ake yi wa talaka.

Ba a littafi suka karanta zaluncin ba. Izinin yin lacca a hannun En'e yake, don haka hana NEPU taro abu ne mai sauƙi. Wanda ya yi ba izini sai 'yan doka su kama shi, alƙali ya ɗaure shi bisa laifin zagin sarauta ko tayar da hankali, wani lokaci a haɗa masa da bulala. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri, an kuma taɓa korarta daga Kano. A shekarun nan ne kuma aka samu gungun 'yan daban siyasa da aka sani da Jam'iyyar Mahaukata, masu far wa 'yan NEPU, waɗanda su kuma suka yi ta ƙorafin cewa 'yan doka na kawar da kai. Lokacin zaɓe kuwa, tsare ɗan takara ko wakilinsa na 'yan kwanaki ya isa ya sauya sakamako.

Wannan ya sa NEPU da sauran jam'iyyun adawa suka dage cewa a fitar da 'yan sanda da kotuna da gidajen yari daga hannun hukumomin gargajiya. Hukumar Willink, wadda Turawa suka kafa a 1957 don sauraron koke-koken ƙananan ƙabilu, ta ji ƙorafe-ƙorafe masu yawa kan 'yan sandan En'e. Duk da haka aka shiga 'yancin kai a 1960 da su, domin jam'iyyun da ke mulkin Arewa da Yamma ba su da niyyar sakin sandar da ke hannunsu.

Yadda aka rusa su

Abin da ƙuri'a ta kasa yi, soja ne suka yi shi. Bayan juyin mulkin Janairun 1966, gwamnatin Janar Aguiyi-Ironsi ta kafa kwamiti ƙarƙashin Yusuf Gobir don duba makomar 'yan sanda da gidajen yarin En'e. Kwamitin ya ba da shawarar a haɗe su da na tarayya, gwamnatin Yakubu Gowon ta aiwatar. Gidajen yari suka koma hannun tarayya a 1968, aka soke kotunan sarakuna, aka tace 'yan doka, waɗanda suka cancanta suka sauya kaki, sauran aka sallame su. Zuwa farkon shekarun 1970 an gama. A wannan lokaci gwamnan sabuwar Jihar Kano shi ne Audu Baƙo, wanda shi kansa jami'in 'yan sandan tarayya ne.

Tsarin mulkin 1979 ya rufe ƙofar, na 1999 ya ƙara mata sakata. Sashe na 214 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a Najeriya, kuma ba za a kafa wata ba, ko ta tarayya ko ta wani yanki.

Nasarar ba ƙarama ba ce. Hakimi ya daina aika a ɗauko masa mutum a kulle, kuma alƙali ya fita daga ƙarƙashin fada. Amma sandar ba ta karye ba, hannu ta sauya. Rundunar da ta gaji 'yan doka ita ma gadon mulkin mallaka ce, wadda asalinta ke komawa ga dakarun da Turawa suka tara a Legas a shekarun 1860, akasarinsu Hausawa, don tsaron bukatun Turawan. Dokar da ke tafiyar da ita ta 1943 ce, ba a kuma maye gurbinta ba sai a Satumban 2020. Talakan da a da bai isa ya kai ƙarar ɗan doka wurin Sarki ba, yanzu sai aka ce ya kai ƙarar ɗan sanda Legas, daga baya Abuja.

Me ya sa #EndSARS ta raba kan Arewa?

A watan Yunin 2020 ƙungiyar Amnesty International ta fitar da rahoto mai ɗauke da labaran azabtarwa da kisa har 82 da ta danganta da rundunar SARS tsakanin Janairun 2017 da Mayun 2020. A Oktoba matasa suka cika tituna, ranar 11 ga watan Sufeto Janar Mohammed Adamu ya sanar da rusa SARS, bayan kwana biyu ya sanar da sabuwar runduna mai suna SWAT. Ga matasa da yawa, an sauya wa tuwo suna ne kawai.

Akwai abin da ya bambanta wannan yunƙuri da na Minneapolis. Cikin buƙatu biyar da masu zanga-zangar suka gabatar, ta biyar ita ce a ƙara wa 'yan sanda albashi. A Amurka ƙorafin shi ne rundunar ta yi ƙiba da kuɗin jama'a. A Najeriya kuwa mai kai ƙara ne ake tambaya kuɗin mai da kuɗin takarda, domin mafi yawan kasafin rundunar a albashi yake ƙarewa, abin da ke isa caji ofis don gudanar da aiki kaɗan ne. Ɗan sandan da ba a ba shi ba, a wurin talaka yake karɓa. Sannan a 2018 shugaban hukumar kula da aikin 'yan sanda na lokacin, Mike Okiro, ya ce fiye da jami'ai 150,000 suna gadin manyan mutane ne da wasu da ba su cancanta ba.

A Arewa ra'ayi ya rabu. Gwamnonin yankin, ta bakin shugabansu na lokacin Simon Lalong, sun ce ba su goyi bayan rusa SARS ba. Gamayyar ƙungiyoyin Arewa ta CNG ta fito da nata taken na a kawo ƙarshen rashin tsaro, domin ga mutumin Zamfara ko Katsina matsalar ita ce babu jami'in da zai zo idan 'yan bindiga sun shigo. A Kano an ga fuskokin biyu cikin mako ɗaya. Matasa sun fito a Ƙofar Mata bisa zargin cewa wani yaro ɗan shekara 17 ya mutu sakamakon duka a hannun 'yan sanda, washegari kuma rikici ya ɓarke a Sabon Gari aka ƙona motoci da shaguna. Da aka umarci jihohi su kafa kwamitocin shari'a don sauraron waɗanda aka zalunta, Kano tana cikin 'yan jihohin da ba su kafa ba.

Ƙaramar Hukumar Tarauni ta san ɗaya gefen labarin da kyau. Ranar 20 ga Janairun 2012, lokacin da Boko Haram ta kai hare-haren da suka kashe aƙalla mutum 185 a Kano, ofishin 'yan sanda na Farm Centre da ofishin fasfo da ke yankin suna cikin wuraren da aka far wa. Mutanen da suka ga ranar da 'yan sanda suka kasa kare ko da kansu, da wuya a shawo kansu da taken a rusa. Sai dai kuma a Agustan 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, Amnesty ta ce an kashe aƙalla mutum 24 a faɗin ƙasar, rabinsu a Kano, zargin da rundunar ta musanta. Yaran da aka kama aka kai Abuja, waɗanda wasunsu suka yanke jiki suka faɗi a kotu a watan Nuwamba, da yawansu 'yan Kano ne.

Wa ke ba da umarni a Tarauni a yau?

Wanda ya taso daga shataletalen Dangi ya bi Titin Zariya zuwa Unguwa Uku zai iya cin karo da kaki iri-iri: ɗan sanda, ɗan KAROTA, ɗan Hisbah, jami'in sibil difens, da dare kuma 'yan sintirin unguwa. Kowannensu da ubangidansa.

Majalisar Ƙaramar Hukumar Tarauni ba ta da ikon rage ko sisi daga kasafin caji ofis ɗin da ke yankinta, haka ma majalisar dokokin jiha. Kuɗin daga Abuja yake zuwa. Gwamna kan sayi motoci ya ba da gudummawa, kuma sashe na 215 ya ba shi damar bai wa kwamishinan 'yan sanda umarni, amma kwamishinan yana da damar cewa sai an ji ta bakin Shugaban Ƙasa tukuna. An ga aikin wannan sashe a fili a Mayun 2024, lokacin da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ba da umarnin kama Aminu Ado Bayero bayan an mayar da Muhammadu Sanusi II kan sarauta. Rundunar ta ce umarnin kotu za ta bi, kuma a Babbar Kotun Tarayya da ke Titin Kotu a Gyadi-Gyadi aka ci gaba da fafatawa.

Duk da sashe na 214, 'yan sandan gida sun dawo ta bayan gida da wasu sunaye. An kafa hukumar Hisbah da doka a 2003, gwamnatin tarayya ta haramta ta a 2006 ta kama shugabanninta, amma ta ci gaba da aiki har yau. An kafa KAROTA a 2012, kuma taƙaddama da ita ce ta sa 'yan Adaidaita Sahu suka yi yajin aikin da ya tsayar da birnin a 2021 da 2022. A Maris ɗin 2024, da gwamna ya soki yadda Hisbah ke yin samame, Sheikh Aminu Daurawa ya ajiye muƙaminsa, aka sasanta cikin 'yan kwanaki ya koma. Maganar ta tashi daga bakin mutum ɗaya, ta kuma mutu a teburin sulhu, ba tare da wata hukuma mai zaman kanta ta saurari waɗanda aka ce an ci zarafinsu ba. Jihohin maƙwabta ma sun bi sahu: Katsina ta ƙaddamar da dakarun tsaron al'umma a Oktoban 2023, Zamfara ta fito da Askarawa a Janairun 2024.

Tambayoyin da suka kamata a yi tun yanzu

A Fabrairun 2024 Shugaba Bola Tinubu da gwamnoni suka amince a duba yiwuwar kafa 'yan sandan jihohi. Hakan na buƙatar gyaran tsarin mulki, wato amincewar kashi biyu cikin uku na majalisun tarayya da kuma majalisun jihohi 24. Ke nan 'yan majalisar jiha, har da mai wakiltar Tarauni, suna da ƙuri'a a kai, kuma a nan ne matsin lambar matasa zai iya yin tasiri.

Tarihin 'yan doka ya nuna inda ya kamata a sa ido. Wa zai naɗa shugaban rundunar, wa kuma zai iya tsige shi? Idan gwamna ne shi kaɗai, an dawo da Wakilin Doka da sabon suna. Wa zai ɗauki ma'aikata, kuma me zai hana a mayar da 'yan daban siyasa masu kaki, a garin da ya san Jam'iyyar Mahaukata? Ina wanda aka zalunta zai kai ƙara, kuma waccan hukuma tana da ikon kora da gurfanarwa, ko shawara kawai take bayarwa? Wace rawa rundunar za ta taka ranar zaɓe? Jihar da ke fama da biyan malaman makaranta, da me za ta biya masu bindiga a kan lokaci?

Akwai kuma darasin da za a ɗauka daga 'yan fafutukar Minneapolis ko da ba a karɓi takensu ba, wato bin diddigin kuɗi. Kasafin jihar Kano a hannun majalisar jiha yake. Ana iya tambayar nawa aka ware wa motocin sintiri, nawa aka ware wa cibiyoyin gyaran masu shaye-shaye, fitilun titi da koyar da sana'a, tunda yaron da ke ƙwacen waya a Hausawa ko Darmanawa sau da yawa ƙwaya da zaman banza ne suka kai shi.

Kafin a kai ga gyaran tsarin mulki, akwai haƙƙoƙin da doka ta riga ta bayar waɗanda ba a cika nema ba. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama gaban alƙali cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, ga kotuna kuwa jere a Titin Kotu. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani, ta kuma wajabta wa majistare ya riƙa ziyartar caji ofis duk wata ya duba waɗanda ke tsare. Dokar 2017 ta mayar da azabtarwa laifin da ake ɗaure jami'i a kansa. Ƙungiyar matasan unguwa da za ta riƙa rubuta sunan duk wanda aka kama, da ranar da aka kama shi, da ranar da aka kai shi kotu, ta kuma tambayi ko majistare ya zo a wannan watan, za ta tara hujjar da za ta iya ajiyewa gaban ɗan majalisarta ranar da maganar 'yan sandan jiha ta iso zauren majalisar Kano.